Busar Da Adon Kek A Gadarif: Ina Sauri Ya Halatta, Ina Ya Zama Algus?

Mai yiwuwa ne wani mai karatu, da ganin kan wannan maƙala, ya girgiza kai ya ce, a wannan zamani da ƙasar Sudan ta auka cikin fitinar yaƙi tun ranar 15 ga watan Afrilu na 2023, mutane suka bar gidajensu da dukiyoyinsu, ina fa'idar a ɓata tawada a kan furen sukarin da ake ɗora wa kek? Amsar da zan ba shi ita ce, duk wanda ya san halin da garin Gadarif ya shiga bayan da ayarin masu gudun hijira suka kwararo cikinsa daga Hartum, sa'an nan daga Wad Madani a watan Disamba na 2023, ya san akwai gidaje masu yawa waɗanda albashin maigida ya yanke musu, nauyin tukunya ya koma wuyan mata, kuma daga cikin sana'o'in da matan suka kama domin rufin asiri akwai toye-toye da gashe-gashe da yin kek na biki da na suna. Abin da bawa yake ciyar da iyalinsa da shi ta hanyar halal ba a kiransa ƙarami, kuma sana'ar da ta zama sutura ga marayu da zawarawa ta cancanci a zauna a yi mata nazari da natsuwa, a fitar da ƙa'idojinta, a bambance abin da yake ƙwarewa a cikinta da abin da yake ha'inci.

Ga Hausawan Gadarif kuwa, maganar tana da wata fuska ta daban. Kakanninsu sun iso wannan ƙasa ne, wasu a kan hanyar Hajji, wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa har bakin Shuɗin Nilu, kuma abin da ya tsayar da su da ƙafafunsu a baƙuwar ƙasa shi ne aikin hannu: noma da su da fatauci da sayar da abinci. Matansu sun zo da ilmin alkaki da nakiya da dubulan da kantu, suka tarar da na mutanen ƙasa, suka haɗa. Saboda haka idan yau jikokinsu sun ɗauki sana'ar ƙawata kek, reshe ne sabo ya tsiro a tsohuwar sana'ar gidansu, kuma haƙƙi ne a kansu su riƙe shi da irin amanar da iyayensu mata suka riƙe na farko da ita.

To, mas'alar da ta fi damun masu wannan aiki ita ce ta bushewa. Ana yin wani kwaɓi mai laushi da niƙaƙƙen sukari, wanda masu sana'ar suke kira fondan, a murza shi a lulluɓe kek da shi, a kuma yanka shi a ƙera furanni da ganyaye da haruffan sunan amarya ko na jariri. Wanda aka lulluɓe kek da shi ana son ya zauna da laushinsa domin wuƙa ta ratsa shi, amma fure da harafi da rawanin da za su tsaya a tsaye a saman kek dole ne su yi tauri, in ba haka ba su lanƙwashe su zube tun kafin a kai ga ɗakin taro. Sau da yawa mace takan kwana tana ƙera furanni, gari ya waye ta tarar da su yadda ta bar su, ko ma sun fi da laushi suna naso, ga kuwa masu biki sun aiko yaro. A wannan sa'a ne ake faɗa wa dabarun gaggawa, waɗanda wasunsu daidai ne, wasunsu suna ɓata aikin, wasunsu kuwa suna taɓa lafiyar mai ci da addininsa.

Ba a maganin cuta sai an san sababinta, don haka ya wajaba a fara da sanin ɗabi'ar sukari. Hanyoyin da sukari yake yin tauri guda biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin hasarar da ake yi. Hanya ta farko ita ce ta mai alewa, wanda yake dafa sukari a wuta har ruwan da ke cikinsa ya ƙone, sa'an nan ya sauke, da zarar ya huce sai ya daskare. Haka ake yin kantun riɗi, haka kuma masu alewar Maulidi na Omdurman suke zuba narkakken sukari a cikin mazubin katako su fitar da shi da siffarsa cikin ɗan lokaci. Hanya ta biyu ita ce ta fondan, wanda ba a dafa shi, ruwansa yana nan a cikinsa, kuma ba ya yin tauri sai iska ta ɗebe wannan ruwa sannu a hankali, daga waje zuwa ciki. Na farko sanyi ne yake ƙarfafa shi, na biyu busasshiyar iska. Wadda duk ta ɗauki hukuncin ɗaya ta ɗora wa ɗayan, ta kusantar da fondan ga wuta tana zaton zai yi abin da alewa take yi, za ta ga ya narke ya yi kumfa ya tsattsage, domin zafi yana sassauta shi ne tun kafin ya busar da shi.

Wani abin da ya kamata a ƙara sani shi ne, sukari mai jan ruwa ne daga iska, kuma abubuwan da ake haɗa fondan da su sun fi shi wannan hali. Ana sa ruwan gulukos domin kada ya farfashe, ana sa gilisirin domin ya riƙe laushi, ana shafa kitse ko mai domin kada ya manne wa hannu, ana sa jalatin domin ya yi danƙo ya miƙe. Gilisirin musamman, aikinsa na asali shi ne riƙe damshi. Ke nan wadda ta ɗebi irin kwaɓin da ta lulluɓe kek da shi ta ƙera fure, sa'an nan ta zauna tana jiran ya bushe da wuri, tana jiran abu ne ya saɓa wa ɗabi'ar da ita da kanta ta gina shi a kanta. Haka nan launuka masu duhu, kamar ja da baƙi, sun fi jinkirin bushewa, saboda yawan ruwan launin da ake ɗura wa kwaɓin kafin ya kai ga duhun da ake so.

Sai kuma hukuncin wuri da lokaci, wanda a nan ne mutumin Gadarif ya kamata ya yi amfani da idonsa fiye da abin da yake gani a wayar hannu. Gadarif ƙasar noman ruwan sama ce, wadda tun shekarun 1940 aka fara noma ta da injuna, har ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Daminarta tana kamawa daga wajen watan Yuni zuwa Oktoba, kuma a tsakiyarta, musamman Yuli da Agusta, baƙar ƙasar nan mai laka takan sha ruwa ta riƙe, iska ta yi nauyi da laima, har gishiri ya jiƙe a cikin kwano. Daga Nuwamba kuwa zuwa Afrilu sai iskar arewa ta busa, sama ta bushe, leɓe ya tsage. Furen da zai bushe cikin dare ɗaya a watan Janairu yana iya cin kwana uku a watan Agusta bai gama ba. Mai koyarwar da take magana daga Landan ko daga Dubai, a cikin ɗakin da na'ura take daidaita iskarsa dare da rana, lissafin sa'o'inta na ɗakinta ne, kuma ba hujja ba ne a kan matar da take aiki a Gadarif cikin damina, wuta tana zuwa tana ɗaukewa.

Idan an fahimci wannan, sai a ga cewa sauri na halal yana farawa ne tun daga kwano, kafin a kai ga shanya. Abin da ya dace shi ne a raba kwaɓi biyu: na lulluɓi daban, na ado daban. A na ado a rage gilisirin ko a bar shi ɗungum, a rage mai, a ƙara masa garin da ake kira CMC, wanda ake sayarwa kuma da sunan Tylose, kimanin ƙaramin cokali ɗaya ga rabin kilo na kwaɓi, a ɗan ƙara a damina. Wannan gari daga zaren jikin tsirrai ake samo shi, yana ɗaure ruwan da ke cikin kwaɓin, ya ba shi ƙarfin da za a iya murza shi ya yi siriri ba tare da ya yage ba. Kafin a san shi, abin da masu wannan sana'a suka dogara da shi shi ne katira, wani ƙaro da ake samu daga wasu ƙananan itatuwa na ƙasar Iran da Turkiyya, wanda yake da tsada kuma yake bukatar a bar kwaɓin ya kwana kafin ya yi aiki. Akwai kuma wani kwaɓi da Faransawa suke kira fastiyaj, wanda niƙaƙƙen sukari ne da jalatin da ɗan ruwa, babu mai babu gilisirin, yana bushewa da sauri har sai an rufe ragowarsa yayin da ake aiki, kuma shi ya fi dacewa da haruffa da ƙofofi da duk abin da ake son ya tsaya ƙyam.

Bayan kwano sai hannu. Kauri shi ne babban abokin gābar bushewa, domin ruwan da ke tsakiyar abu mai kauri sai ya ratso dukkan jikinsa kafin ya fita, kuma sau da yawa bayan yakan yi ɓawo ya toshe wa cikin hanya. Ganyen fure a murza shi ya yi siriri gwargwadon iko, harafi kada ya wuce milimita biyu ko uku, abu mai girma kuwa a yi shi gunduwa-gunduwa, a busar da kowace daban, sa'an nan a harhaɗa. A barbaɗa sitacin masara kaɗan a kan faranti maimakon mai, a shanya a kan rariya ko soso mai tsafta domin iska ta shiga ta ƙarƙashi, a riƙa juyawa bayan 'yan sa'o'i. Wanda ya shanya a kan leda ko farantin roba ya busar da fuska ɗaya ne kawai, ɗayar tana kwance cikin guminta.

Daga nan sai a zo ga iska, wadda ita ce ainihin ma'aikaciyar. Fanka ta fi kowace dabara amfani da aminci, domin tana kore iskar da ta ƙoshi da damshi daga jikin adon ta kawo wata, ba tare da zafi ba. Kuma ƙaramar fanka mai caji, ko wadda take aiki da hasken rana, ta wadatar a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Wadda take da obin mai fitila tana iya kunna fitilar kaɗai ta sa adon a ciki, ko ta ɗumama shi kaɗan ta kashe, ta bari zafin ya sauka har hannu ya iya zama a ciki, sa'an nan ta sa, ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Sharaɗin shi ne kada ta taɓa adon sai ya huce sarai, domin yana fitowa da laushi ne, taurinsa sai bayan ya sha iska. A tsakiyar damina kuwa, lokacin da iskar ɗakin kanta ta jiƙe, abin da ya fi shi ne akwati mai murfi da aka sa wa ƙunshin ƙwayoyin silika masu shan damshi, a ajiye su gefe kada su taɓa abin ci, kuma a nisanta su daga yara.

Abubuwa biyu ne nake roƙon 'yan'uwa mata su bari. Na farko firji. Cikinsa akwai damshi, kuma da zarar an fito da abu mai sanyi zuwa iska mai ɗumi sai raɓa ta sauka a kansa, sukarin ya narke, launi ya zubo; wadda ta sa furenta a firji domin ya yi ƙarfi ta jiƙa shi ne da hannunta. Na biyu shanya a tsakar gida cikin rana. Gaskiya ne ranar Gadarif tana busar da kuɓewa da tumatir, amma sukari tana narkar da shi, tana kuma kashe launinsa, kuma abin da ya fi wannan muni shi ne ƙuda da ƙura. A watan Satumba na 2023 an bayyana ɓarkewar cutar kwalara a jihar Gadarif, garin kuma ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan sha. Adon kek abu ne da ba ya komawa wuta bayan an ƙera shi, daga hannun mai yi sai bakin mai ci, kuma yawanci yara ne suke rububinsa. Saboda haka wankin hannu da sabulu, da tafasa ruwan da za a kwaɓa da shi, da rufe shanya da yadi mai shara-shara, wajibai ne na sana'ar, waɗanda babu uzurin gaggawa da zai kayar da su.

Sau da yawa akan tambaya ko ƙaron ƙasarmu zai iya tsayawa a madadin waɗannan garuruwa da ake shigowa da su, tun da Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, kuma ana tatsar sa daga dakwara a Kordofan da nan Gadarif bayan ɗaukewar ruwa. Son ƙasa ba zai sa in faɗi abin da ba haka yake ba. Ƙaron dakwara yana narkewa ne ya zama ruwa mai yauƙi, ba ya ba kwaɓi irin danƙon da katira ko CMC suke ba shi, don haka ba ya maye gurbinsu wajen murza ganyen fure. Amma yana da nasa aiki wanda babu mai yi kamarsa: idan aka jiƙa shi da tafasasshen ruwa aka tace, yakan zama abin liƙi mai tsarki da ake manna ganye da ganye, ya kuma ba ado sheƙi idan an shafa shi sama-sama. Almajirin da ya taɓa haɗa tawadar allo ya san wannan hali na ƙaro. Abin takaici ne a ga mace tana neman kwalbar abin liƙi da aka yi a Turai, alhali asalin irinsa yana nan a buhu a kasuwar garinta da araha. Kuma shafa shi kaɗan ya fi shafa ruwa zalla, wanda yake jiƙa adon ya mayar da aikin bushewa baya.

Yanzu sai mu zo ga inda sauri yake ƙetare haddi ya shiga hurumin shari'a. Daga cikin shawarwarin da suka yawaita a bidiyoyin ƙasashen waje akwai cewa a dama garin launi da barasa mai fari, a shafa wa fure, saboda tana tashi nan da nan ta bar launin a bushe. Dabara ce mai aiki a wajen masu ita, amma Musulma ba ta da bukatar ta shigar da kwalbar giya ɗakin girkinta, balle ta shafa ta a abincin da za a kai walimar Musulmi ba da saninsu ba. Ana iya shafa garin launin a bushe da burushi, ko a dama shi da ɗigon ruwan lemun tsami ko ruwan ƙaro, a ƙara masa haƙurin sa'a ɗaya a gaban fanka. Haka nan jalatin: daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kuma mai yawa daga cikin wanda ake yi a Turai na alade ne. Malamai sun yi saɓani a kan ko sarrafawar da ake yi masa ta kai matsayin istihala, wato juyewar abu daga asalinsa zuwa wani abu dabam, kuma ba wurin warware wannan saɓani ba ne a nan. Sai dai mai sana'a tana da mafita mai sauƙi, ta nemi wanda aka bayyana na saniya ne da aka yanka ko na kifi, ko ta yi kwaɓinta da CMC wanda babu shubuha a cikinsa. Fita daga saɓani abin so ne a wajen fuƙaha'u, kuma ya fi ƙarfi a kan wanda yake ciyar da jama'a.

Akwai kuma nau'in algus da gaggawa take haifarwa. Idan fure ya ƙi tsayuwa, sai a cusa masa tsinken sakace ko guntun waya a ɓoye, a miƙa wa masu biki ba a faɗa musu ba, yaro ya ɗauka ya kai baki. Idan launi ya ƙare, sai a ɗauko ƙyalƙyalin da aka yi domin takarda ko kwalliya a barbaɗa. Idan ciki bai bushe ba, sai a lulluɓe da gari a ce ya yi. Hukuncin ɓoye aibin haja sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki, kuma ba ya canzawa don hajar sukari ce. In larura ta sa an yi amfani da waya ko tsinke domin riƙe babban ado, to a faɗa wa mai saye a sarari, a nuna masa wurin, a ce a cire kafin a yanka. Wannan kalma ɗaya ba ta rage wa mai sana'a ƙima, ita ce ma take sa a dawo mata.

Wata za ta ce, duk wannan mun ji, amma mai biki yakan zo ne yau ya ce gobe yake so, in na ƙi ya tafi wajen wata, ni kuwa ina da bakin da nake ciyarwa. Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma ba na raina shi. Sai dai maganinsa yana gaban idon duk wanda ya ga kakar riɗi a wannan ƙasa: manomi yakan yanke riɗinsa, ya ɗaure shi dami-dami, ya jingina shi a tsaye kwana da kwanaki har kwanson ya buɗe da kansa, kuma ba a taɓa jin wanda ya hura wuta a ƙarƙashinsa don ɗan kasuwa yana jira ba, abin da yake yi shi ne ya lissafa kwanakin tun kafin ya sa lauje. Adon sukarin da ya bushe sarai, aka ajiye shi a akwati mai murfi, nesa da haske da damshi da tururuwa, yana yin makonni har watanni bai lalace ba. Mace mai tsari tana iya ƙera fararen furanni da ganyaye da haruffa a lokacin da iska take bushe kuma aiki ya yi sauƙi, ta adana su, ranar da mai gaggawa ya zo sai ta shafa musu launin da yake so ta ɗora. Kuma kada ta ɗora su a kan kek mai kirim sai dab da fita, domin damshin kirim yana sassauta su. Wadda ta yi haka ta fi kowa sauri, alhali ba ta gaggauta komai ba.

Masu saye su ma akwai haƙƙi a kansu. Ranar aure ba ta faɗowa daga sama, ana sa ta ne tun da nisa. Ranar suna kuwa an san ta tun ranar haihuwa. Mai ɗinki ana kai masa yadi da wuri, mai lalle ana kama ta tun da sati, to me ya sa mai kek kaɗai za a tuna da ita a daren jajibiri, a matsa mata, in aiki ya ɓaci a ɓata mata suna a unguwa? Wanda ya tilasta wa ma'aikaci ya yi abin da lokaci bai isa a yi shi da kyau ba, yana da kaso a cikin aibin da ya biyo baya. Sauri, in ji Hausawa, yakan haifi nawa. Kuma yana da kyau a tuna cewa sukari ya yi tsada, yaƙi ya gurgunta wasu daga cikin masana'antun sukarin da ƙasar take taƙama da su tun daga ta Junaid da aka buɗe a 1962. Duk tiren furen da aka zubar saboda gaggawa almubazzaranci ne da abin da wani gida yake nema ya sa a shayi bai samu ba.

Ba na son in rufe ba tare da na tunatar da cewa ƙawata abinci da sukari tsohuwar fasaha ce a ƙasashen Musulmi. Matafiyin nan na Farisa, Nasir Khusraw, wanda ya isa Alƙahira a 1047 zamanin halifa Mustansir na daular Faɗimiyya, ya ba da labarin wata itaciya da ya gani a walimar ƙaramar Salla, wadda rassanta da ganyenta da 'ya'yanta duk da sukari aka yi su. Don haka babu dalilin da zai sa 'yar Gadarif ta ɗauki kanta baƙuwa a wannan fanni, ko ta ɗauka sai ta kwaikwayi abin da ta gani a waya harafi da harafi. Tana zaune a kan riɗin da ake yabo a kasuwannin duniya; kantun riɗi kuwa, in an murza shi da zafinsa aka yanka shi da siffar ganye ko tauraro ko wata, yana daskarewa cikin mintoci, yana da ɗanɗanon da baƙi za su cinye shi maimakon su ture shi gefen faranti, ko da yake shi ma yana son a ɓoye shi daga laimar damina. Haka gyaɗa da dabino da alewar madara. Ga wadda aka zo wa da aikin gaggawa, wannan ita ce amsa mafi gaskiya da za ta bayar: fure na fondan yana iya son kwana biyu ko uku, in kuwa gobe ake so, ga adon riɗi.

Kirana ga mata masu wannan sana'a, a Gadarif da Kasala da garin Mai Wurno, har zuwa Kano da Maraɗi inda damina da hunturu suke yin irin wannan aiki, shi ne su raba kwaɓin ado da na lulluɓi, su murza da siriri, su dogara da iska, su nisanci firji da rana da barasa, su faɗi gaskiyar abin da ke cikin hajarsu, waɗanda suka ƙware kuma su koya wa na baya ba tare da rowa ba. Kirana ga masu biki shi ne su kai aikinsu da wuri, su biya haƙƙin ma'aikaciya cikakke. Allah Ya sa albarka a sana'ar hannu, Ya kawo wa ƙasar Sudan zaman lafiya, Ya mayar da kowane mai gudun hijira ɗakinsa.